Zanen akwati: Ƙaramin darasin da zai iya ceton kuɗin 'yan ci-ranin Tahoua

A birnin Tahoua da garuruwan Adar irin su Keita, Tamaske da Kalfou, gidaje da yawa da kuɗin wanda ba ya nan ake gina su. Mai gidan yana Abidjan, ko Legas, ko wani gari a Libiya ko Aljeriya yana nema. Magini yana gida. Abin da ke haɗa su shi ne saƙon murya a WhatsApp da hoton wani gini da aka gani a Facebook.

Daga nan ake samun saɓani. Mai kuɗi ya ce a yi masa baranda irin ta hoton, magini ya fahimci wani abu dabam. Sai an jera bulo an kashe siminti sannan a tura hoto, rigima ta tashi. A rushe bangon asara ce, a bar shi kuma takaici ne na shekaru. Haka take faruwa da kafintan da aka ba aikin gado da kabad na amarya, da mai waldan da aka ce ya haɗa ƙofar gida.

Takarda ɗaya da biro za su iya kashe yawancin irin wannan rigima, in akwai wanda zai zana abin yadda ido zai gan shi tun kafin a taɓa kayan aiki. Masu koyar da zane kuwa daga abu ɗaya suke fara wannan darasi, wato akwati.

Me ya sa akwati?

Ɗaki akwati ne. Kabad, shago, tankin ruwa mai kusurwa huɗu, bayan babbar mota, duk akwatuna ne da aka yi wa ƙari. Wanda ya iya juya akwati a takarda ta kowace fuska, ya riga ya ci rabin aikin zana su.

Akwati na da fuska 6, kusurwa 8 da layi 12. Layukan sun kasu gida uku, huɗu-huɗu: na tsawo, na faɗi, da na tsaye. A zahiri layukan kowane gida ba sa taɓa haɗuwa, amma ido ba haka yake ganin su ba. Duk wanda ya tsaya a kan hanyar da ta tashi daga Tahoua zuwa Abalak da Agadez ya san wannan. Gefen kwalta biyu suna ta matsowa kusa da juna har su zama ɗigo ɗaya can inda ƙasa ta haɗu da sama, alhali faɗin hanyar bai ragu ba.

Wannan ɗigon shi ne mahaɗar layuka, kuma shi ne ginshiƙin abin da ake kira perspective da Faransanci, wato ƙa'idar nisa da kusa a zane. Abin da ke nesa yana ƙanƙancewa, kuma layukan da suka nufi wuri ɗaya dole su nufi mahaɗa ɗaya.

Ƙa'idar ta daɗe. Ibn al-Haytham ya rubuta Kitab al-Manazir a Masar a farkon ƙarni na 11, inda ya bayyana cewa gani na faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. An fassara littafin zuwa Latin, ya yi tasiri a Turai. A farkon ƙarni na 15 Filippo Brunelleschi ya gwada ƙa'idar zanen a birnin Florence na Italiya, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ta a littafi a 1435.

Wanda ya yi boko a tsarin Faransanci zai ce ai an koya masa zana akwati a darasin lissafi. An koya, amma wani iri ne dabam, wanda ake kira perspective cavalière. A cikinsa layuka ba sa matsowa kusa da juna, bayan akwati daidai yake da gabansa. Yana da amfani wajen lissafi, sai dai ba haka ido ke ganin gini ba, shi ya sa gidan da aka zana da shi yake fitowa kamar ya karkace.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren sabon shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Layin baya ya fi na gaba tsawo, sai akwatin ya buɗe baki maimakon ya tsuke. Ko layuka huɗun su rabu biyu-biyu, kowane biyu su nufi tasu mahaɗar. Ko kuma kusurwar baya, wadda ba a gani, ta faɗa inda ba wurinta ba.

Babbar matsalar ita ce mai zanen ba ya ganin kuskurensa. Ya san akwati ya yi niyyar zanawa, don haka akwati yake gani. Yana iya cika littafi guda yana maimaita kuskure ɗaya, hannunsa na ƙara sabawa da shi.

Akwai gwajin da ke tona wannan, kuma ba ya buƙatar malami. A zana akwatin da biro, ba da fensir ba, don kada a goge. A zana har layukan baya, kamar akwatin na gilashi ne. Bayan an gama sai a ɗauko rula da biro mai launi, a ja kowane layi ya zarce zuwa can nesa da mai kallo: ja ga gida ɗaya, shuɗi ga na biyu, kore ga na uku. In layuka huɗu masu launi ɗaya suna tafiya wuri guda, zane ya yi. In ɗaya ya bauɗe, ga shi nan ƙuru-ƙuru, babu musu.

Darasin zane na kyauta na Drawabox da ke intanet ya gina wani sashe nasa a kan wannan gwaji: ɗalibi ya zana akwati 250 da tawada, yana jan layukan yana duba kansa, sannan ya miƙa aikin wani ya duba masa. Adadin na da ban tsoro, amma akwati biyar a rana kwana 50 ne. Darasin da Turanci yake, abin da ke zama shinge ga matasan da Faransanci suka karanta, sai dai gwajin kansa ba shi da yare.

Wa zai gyara?

Rula tana nuna cewa layi ya bauɗe, ba ta faɗin dalili. A nan ne ake buƙatar ido na biyu, kuma Adar ba baƙuwa ba ce ga koyo ta hanyar gyara.

A garin Yaama da ke kudu da Tahoua, magini Falké Barmou ya fara ginin masallacin Juma'a da laka a 1962, daga baya aka ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. A irin wannan sana'a yaro kusa da maigidansa yake tsayawa. Ya ɗora tubali a karkace, nan take a ce masa ya sauke. Gyaran na zuwa kafin laka ta bushe.

A Dandaji, a jihar ta Tahoua, an ga yadda wannan ilimi ya haɗu da na takarda. Masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse, aikin da ake kira Hikma wanda aka kammala a 2018. Magina na yankin ne suka yi aikin tare da su, zane a hannu ɗaya, gogewa a ɗaya.

Matashin da ke koyo da waya shi kaɗai ba shi da irin wannan maigida a kansa. In ya tura zanensa wa abokai, abin da zai samu shi ne Masha Allah da alamar babban yatsa. Yabo ne mai daɗi, amma ba ya miƙe layi ko ɗaya.

Gyara mai amfani yana da kama. Mai dubawa ya kalli shafi guda na akwatuna, ba guda ɗaya ba, don ya gano kuskuren da ke maimaituwa. Ya faɗi abu ɗaya ko biyu, kamar cewa layukanka na tsaye kullum suna buɗewa ta ƙasa, ya bar saura sai wani zagaye. Ba sai ya fi ɗalibin iya zane ba. Abokai biyu da suka san gwajin rula za su iya musayar shafuka, kuma sau da yawa wanda ya duba na wani shi ke fara ganin nasa.

Ko ɗaukar hoton ma yana da ƙa'ida. In aka karkata waya, kyamara na ƙara nata karkacewar a kan zanen, mai dubawa ya kama laifin da babu shi. A shimfiɗa takarda a ƙasa cikin haske, a ɗauka daga sama kai tsaye.

Sai dai kada a ɗora wa wannan zane abin da ba nasa ba. Zanen nisa da kusa na nuna wa mai kuɗi yadda abu zai fito ne, ba a auna mita a jikinsa, tunda da gangan yake rage abin da ke nesa. Magini na buƙatar taswirar gini mai awo a rubuce, bene kuma sai da injiniya. Mai son zama cikakken mai zanen gine-gine doguwar hanya ce a gabansa, irin ta makarantar EAMAU da ke Lome a Togo, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta. Kafinta ko mai walda a Tahoua kuwa, littafin rubutu, biro huɗu, rula da aboki ɗaya da zai duba masa shafi a ƙarshen mako sun ishe shi farawa.