Shin Ko Kun San? Minti Goma da Tafin Ƙafa

Shin ko kun san cewa an daɗe likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗari-ɗarin koya wa masu jin muryoyin da babu mai jin su sai su atisayen natsuwa da tattara hankali? Tsoron nasu da dalili. An sha samun labarin mutanen da ciwo ya tayar musu bayan doguwar halwar irin wannan atisaye ta kwanaki, ga rashin barci, ga ƙarancin abinci.

Ko kun san tsarin da aka fi sani na wannan atisaye Jon Kabat-Zinn ne ya fara shi a 1979, a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka? Mako takwas ake yi, a gida kuma mutum ya zauna minti 45 kusan kullum. Ga mai ciwon baya, wannan ba komai ba ne. Ga wanda wata murya ke zaginsa a kunne tun asuba kuwa, shirun minti 45 tamkar a kulle shi ɗaki ɗaya da mai zagin ne.

Shi ya sa Paul Chadwick, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, ya yi wa abin gyaran fuska. A 2005 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon rukunin masu taɓin hankali da suka gwada da su. Zaman ya koma minti 10. Mai jagora ba ya barin shiru ya kai minti guda, sai ya sake magana, don kada muryar ta samu fili. Kuma daga ƙasa ake farawa: ji tafin ƙafarka a kan daɓe, ji nauyinka a kan kujera, sannan a zo kan numfashi. Idan muryar ta zo, ba a ce ka kore ta ba, ba a ce ka yi cacar baki da ita ba. Ka lura ta zo, ka koma kan numfashinka. Faɗa da sauƙi, yi da wuya.

Ko kun san aikin gida a wannan tsari ba dole ba ne? Ana bai wa kowa muryar jagora da aka naɗa, a da a faifai, yanzu waya ta sauƙaƙa. Mutum ya sa ta a kunne, ya zauna bakin gado, ƙafa a ƙasa, kafin ruwan shayi ya huce ya gama. Wanda bai yi ba, ya dawo zama na gaba babu mai tsare shi da tambaya. A ganina nan hikimar take, domin mai fama da murya mai ba shi umarni ba ya bukatar wani sabon mai umarni.

Ko kun san a 2016 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila da mutum 108 masu jin muryoyi, inda rabinsu suka yi zama 12 na rukuni mai ɗauke da irin wannan atisaye? Muryoyin ba su ɓace ba. Abin da ya ragu shi ne ƙuncin da suke jawowa da baƙin cikin da ke danne mutum. Kuma duk waɗanda aka yi gwajin da su sun ci gaba da samun kulawar da suka saba samu a asibiti, atisayen ƙari ne aka ɗora a kai.