Agogonka na ƙirga taku, amma taku ba ya ƙara wa cinya kauri

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan ɗaga ƙarfe ya san irinsu: ƙirji ya cika riga, damtse kamar tulu, ƙafa kuwa kamar ta zalɓe. Da yawansu suna ɗaure da agogon zamani, kullum yana taya su murnar cika taku 10,000. Tafiya tana gyara zuciya da numfashi, babu musu, amma ba ita ke sa cinya ta yi kauri ba.

Tsoka tana girma ne idan aka ɗora mata nauyin da ya fi wanda ta saba ɗauka, aka ba ta abinci da hutu, sannan aka sake ƙara mata. Agogo ba ya ganin wannan. Koren hasken nan da ke bayansa gudanar jini yake karantawa ya fitar da bugun zuciya. Bai san ko kilo 40 ne a kafaɗarka ko 80 ba.

Aikin kansa ba shi da yawa. Tsuguno da sandar ƙarfe a kafaɗa shi ne uban tafiya, domin yana kama tsokoki huɗu na gaban cinya tare da na ɗuwawu. Mai jin tsoron sanda yana iya farawa da injin da ake zama a tura nauyi da tafin ƙafa. Bayan cinya yana son nasa daban, wato sunkuyawa da ƙarfe a hannu, baya a miƙe. Sha-raɓa kuma sai ɗage dunduniya. Sau biyu a mako ya wadatar, kowane zagaye ɗagawa 6 zuwa 12, da nauyin da zai sa na ƙarshen su yi wuya.

Inda waya ke da amfani na gaske shi ne ajiye lissafi. Manhajoji irin su Strong da Hevy da JEFIT suna rubuta nauyin da ka ɗaga da sau nawa, ranar da ka dawo su nuna maka na makon jiya. Idan ka yi kilo 60 sau 8, yau ka nemi sau 9. Ranar da ka kai 12, ka ƙara kilo biyu da rabi ka koma ƙasa. Mafi yawan waɗanda ƙafarsu ta tsaya cik, nauyi ɗaya suke ɗagawa wata da watanni ba su lura ba. (Ka tuna sandar kanta kilo 20 ce a yawancin gidaje, a sa ta cikin lissafi.)

Kyamara ma malama ce. Jingine wayar a gefe, daidai tsayin ƙugu, ka ɗauki tsugunonka. Za ka ga ko cinya tana sauka har ta yi daidai da ƙasa, ko dunduniya tana ɗagawa, ko baya yana lanƙwashewa. Gara ka gani a bidiyo da ka ji a gwiwa.

Sikelin zamani mai cewa yana auna tsoka kuwa, a bi shi a hankali. Shi da agogo irin Galaxy Watch 4 na Samsung suna tura ɗan raunin lantarki ne cikin jiki su yi ƙiyasi, kuma ruwan da ka sha ko gumin da ka yi yana canza sakamakon. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ma ya hau.

Abinci: kusan giram 1.6 na furotin kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 yana neman giram 112 ke nan, alhali ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake bayarwa, don haka sai an haɗa da wake, kifi, nama da nono.

Idan kana son sanin ko aikin yana ci, ari tef ɗin tela ka auna tsakiyar cinya da safe, wuri ɗaya, sau ɗaya a wata, ka rubuta a wayar.