Lissafin da ke hana bene da gada rushewa

Ranar 19 ga watan Satumba na shekara ta 1985, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Meziko, ta hallaka dubban mutane. Da injiniyoyi suka binciki ɓaraguzai, sai suka lura cewa benaye masu hawa 6 zuwa 15 su ne suka fi rushewa, alhali ƙananan gidaje da dogayen benaye da dama sun tsira. Dalili kuwa shi ne an gina birnin bisa busasshen tafki, ƙasarsa tana kai da komowa sau ɗaya cikin daƙiƙa 2, daidai da yadda benayen nan suke rausayawa da kansu. Kowane turi ya ƙara wa na baya ƙarfi, tamkar lilo, har ginshiƙai suka karye.

Kowane gini yana da nasa saurin kaɗawa, kamar yadda kalangu yake da murya: in makaɗi ya matse shi, murya ta yi sama. Tauri yana ƙara saurin, nauyi yana rage shi. Lambobin da ke bayyana wannan sauri su ne masana lissafi ke kira valeurs propres da Faransanci. In abu mai sauƙin siffa ne, ana samun su da alƙalami. Amma ga gada ko fiffiken jirgin sama, hakan ba ya yiwuwa.

Mafita ita ce a rarraba zanen ginin gutsure-gutsure, a rubuta lissafi mai sauƙi ga kowane gutsure, sannan kwamfuta ta harhaɗa su. Richard Courant ya gwada wannan hanya da siffofi masu kusurwa uku a shekara ta 1943. A 1956 masu binciken da suka yi aiki da kamfanin Boeing suka bayyana amfaninta ga fukafukan jirage, kuma a 1960 Ray Clough ya raɗa mata sunan da Faransawa suka fassara da éléments finis.

Sai dai amsar kwamfuta kiyasi ce. Masana sun tabbatar cewa a hanyar da aka saba bi, lambar da take bayarwa tana ɗara ta gaskiya, wato tana nuna ginin ya fi tauri bisa yadda yake. Da gutsuren da suka fi sauƙi, in aka rage girmansu da rabi, kuskuren yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka injiniya mai kula yakan maimaita lissafi da ƙananan gutsure har lambar ta daina sauyawa.

Kuma kwamfuta ba ta amsa tambayar da ba a yi mata ba. Ranar 10 ga watan Yuni na shekara ta 2000 aka buɗe gadar Millennium ta masu tafiya ƙasa a birnin Landan. Takun jama'a ya sa ta riƙa karkaɗawa dama da hagu, abin da masu zanenta ba su yi tanadinsa ba. Bayan kwana 2 aka rufe ta, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Fabrairu na 2002, bayan an ɗaura mata na'urorin rage girgiza.

Don haka attajirin da ke shirin ƙara hawa bisa benensa, da ma'aikacin da zai sa hannu a takardar izinin ginin, ya kamata su tuna cewa kowane ƙarin nauyi yana sauya waɗannan lambobi. Wajibi ne su nemi a sake lissafi kafin a zuba siminti.