Lantarki da zafi daga gas ɗaya: me waɗannan tashoshi ke ƙara wa babban layin wuta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da janareta yana aiki ya san hucin da ke fita ta salansa da jikin injin. Wannan hucin mai ne da aka saya da kuɗi, aka ƙona, ya bi iska. Haka abin yake a manyan tashoshi: wadda ke ƙona iskar gas a injin turbin kaɗai, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin gas ɗin take mayarwa lantarki. Sauran zafi ne da ake asara.

Akwai tashoshin da aka tsara don cin moriyar wannan zafin, abin da ake kira cogénération da Faransanci. Gas ɗin da suke ƙonawa shi ne wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a tura ta bututu. Ya bambanta da na girki da ake ɗurawa a tukunya, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke samarwa.

Yadda suke aiki

Gas yana ƙonewa ya juya injin, injin ya samar da lantarki. Hayaƙin da ke fita, wanda zafinsa kan kai digiri 500, sai a bi da shi ta wata babbar tukunya mai bututun ruwa. Ruwan ya tafasa ya zama tururi, a tura shi masana'anta ko asibiti ko gidajen da ke kusa. Idan aka haɗa lantarkin da zafin da aka mora, ana iya cin gajiyar kashi 80 cikin ɗari na gas ɗin, ko fiye.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tashar da Thomas Edison ya buɗe a titin Pearl na birnin New York a 1882 tana bai wa gine-ginen da ke maƙwabtaka da ita tururi ban da lantarki. Sai dai kada a rikita ta da irin tsarin tashar Azito ta Abidjan, inda tururin ke juya turbin na biyu don ƙarin lantarki kawai.

Amfaninsu ga babban layi

Na farko, ana gina su ne kusa da masu amfani da wutar. Lantarkin da ya yi doguwar tafiya a waya yana raguwa a hanya, layukan kuma suna ɗaukar nauyi. Masana'antar da ke samar da wutarta ta sauke wa layin wannan nauyi, rarar kuma ta sayar wa kamfanin lantarki.

Na biyu, injinan gas suna tashi cikin mintuna. A ƙasar Holan, manoman tumatir da furanni a gidajen gilashi suna kunna injinansu a lokacin da buƙatar lantarki ta ƙaru kuma farashi ya hau, su sayar wa babban layi. Zafin suna tara shi a manyan tankunan ruwa don ɗumama shuka da dare. Hayaƙin ma ana tace shi a shigar wa shuke-shuke, domin iskar kabon da ke cikinsa tana ƙara musu girma. Irin wannan saurin tashi yana cike giɓi idan hadari ya rufe rana ko iska ta kwanta.

Na uku, suna iya tsayawa da ƙafarsu idan layi ya faɗi. A watan Oktoban 2012, guguwar Sandy ta jefa kudancin Manhattan cikin duhu. Tashar Jami'ar New York mai ƙarfin megawat 13 ta yanke kanta daga babban layi, ta ci gaba da bai wa manyan gine-ginen jami'ar wuta da ɗumi.

Iyakarsu

Zafi ba ya tafiya nesa kamar lantarki. Bayan ƴan kilomitoci ya fara hucewa. Idan babu mai buƙatarsa a kusa, kuma a kullum, tashar ta koma kamar kowace tasha, da ƙarin kuɗin gini. Sannan gas yana gurɓata yanayi, ko da yake iskar kabon da yake fitarwa kusan rabin ta kwal ce. Idan bututu ya samu matsala kuwa, lantarki da tururi tare suke tsayawa.

Ina ruwan yankinmu?

Mu a Sahel sanyi muke nema, kuma zafi yana iya samar da shi. Wanda ya san firijin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara ya ga misali: ɗan harshen wuta ne ke sanyaya shi. Manyan na'urori masu irin wannan tsari suna aiki da tururin tasha, su sanyaya rumbunan nama da madara da dankali. Masu turara shinkafa, matse man gyaɗa da jima su ma tururi suke buƙata.

Maganar ta fara kusantowa. Najeriya na shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, kuma akwai shirin wanda zai ratsa Nijar har Aljeriya. Nijar ta ɗanɗana illar dogaro da wutar nesa a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo mata kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta.

Saboda haka tun kafin gas ya iso ya kamata masu tsara birane da kamfanoni irin NIGELEC su zaɓi wuraren da tasha da masana'antu da rumbunan sanyi za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Tashar da aka dasa a daji ita kaɗai, fiye da rabin kuɗin gas ɗinta zai iya bin iska muddin tana aiki.