Walda: Illar Rashin Gane Ƙarfe da Sandar da Ta Dace da Shi

Unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna sun daɗe da sabawa da ƙarfe. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya. Nan ne kuma masana'antar kayan yaƙi ta DICON, wadda aka kafa a 1964, da kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Can gaba a kan hanyar Kaciya, an buɗe matatar mai a 1980. Waɗannan wurare sun horar da masu walda da dama, kuma bayan da masaƙun suka durƙushe, sana'ar ta ci gaba a rumfunan bakin titi na Kakuri da Maƙera da Nasarawa da Sabon Tasha, inda ake ƙera ƙofofi da tagogi da tankuna, ana kuma gyaran sassan motoci da injinan niƙa.

Sai dai akwai babban bambanci tsakanin aikin masana'anta da na rumfa. A masana'anta kowane ƙarfe kan zo da lambarsa da takardar da ke bayyana abin da ke cikinsa. Mai rumfa kuwa yawancin kayan aikinsa daga hannun 'yan jari-bola suke fitowa, ko daga kasuwar Panteka da ke ƙetaren kogi, ga tsatsa ga tsohon fenti, ba suna ba lamba. Idonsa ne takardarsa. To, ido kan yi kuskure, kuma kuskuren walda ba kasafai yake bayyana nan take ba.

Abin da ke faruwa a bakin sanda

Mutane da yawa sun ɗauka walda liƙi ce, wato sandar ce ke narkewa ta manne ƙarafa biyu kamar yadda ƙaro ke manne takarda. Ba haka abin yake ba. Wutar da ke tashi tsakanin sanda da ƙarfe tana narkar da sandar, tana kuma narkar da gefen ƙarfen da ake aiki a kansa, su gauraya a ɗan ƙaramin tafki, su daskare cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Abin da ya daskare ɗin sabon ƙarfe ne, ba sandar ba ce, ba kuma ƙarfen asali ba ne. Ashe ke nan duk mai walda yana haɗa sabon gauraye a kowane ɗinki, ko ya sani ko bai sani ba. In bai san ɗaya daga cikin abubuwan da ya gauraya ba, ba shi da hanyar sanin abin da zai samu.

Sandar da aka fi amfani da ita a rumfuna ita ce mai lamba E6013. Lambar tana da ma'ana: 60 na nufin ɗinkin zai jure jan da ya kai fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, 1 na nufin ana iya aiki da ita a kwance ko a tsaye ko a sama da kai, 3 kuma na nuna irin garin da aka lulluɓe ta da shi. Sanda ce mai sauƙin kamawa, mai arha, kuma ta dace da ƙarfe mai laushi irin na ƙofa da taga, wanda sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba. Matsalar ita ce sauƙin nata ya sa ake kai ta inda ba wurinta ba.

Ƙarfen zubi da ƙarfen sifirin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙarfen zubi a matsayin ƙarfe mai laushi. Da ƙarfen zubi ake yin gangar jikin injin mota da ta injin niƙa da ta famfon ruwa da ƙafafun tsofaffin kekunan ɗinki. Kabon ɗin da ke cikinsa kan kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wato ya ninka na ƙarfe mai laushi sau goma ko fiye. A ce an kawo fasasshen jikin injin niƙa mai kabon kashi 3, aka ɗinke shi da E6013, kuma sulusin narkakken tafkin daga jikin injin ya fito. Lissafi mai sauƙi zai nuna cewa ɗinkin zai ƙunshi kabon wajen kashi 1 cikin ɗari. Ƙarfe mai wannan adadi na kabon, in ya huce da sauri, yakan rikiɗe zuwa wani tsari da masana ke kira matensait, mai taurin gaske amma mai saurin karyewa kamar gilashi. Jikin injin kuwa babba ne, mai sanyi, yana zuƙe zafin nan da nan, tamkar an tsoma ɗinkin cikin ruwa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ɗinkin yana tsukewa yayin da yake hucewa, yana jan gefensa. Ƙarfe mai laushi kan ɗan miƙe ya bi jan, amma ƙarfen zubi ba ya miƙewa. Sai a ji ƙara 'yar siririya, a duba a ga sabuwar tsaga ta bi gefen ɗinkin, wani lokaci tun mai kayan bai gama biyan kuɗi ba. Abin da ya dace da wannan aiki shi ne sandar nikel, domin nikel ba ya haɗuwa da kabon ya taurare, sai ɗinkin ya zauna da laushinsa. A kan ɗumama ƙarfen tukuna, a yi ɗinki gajere-gajere, a bubbuga kowanne da ƙaramar guduma tun da zafinsa, sannan a binne kayan cikin busasshen yashi ko toka ya huce a hankali. Sandar nikel tana da tsada, kuma tsadar ce ke sa wasu da suka san gaskiya su yi kamar ba su sani ba.

Ƙarfen sifirin mota da na gatarin taya su ma suna da kabon fiye da na ƙofa, sifirin kan kai wajen kashi 0.6 cikin ɗari. Nasu haɗarin ya fi ɓuya. Iskar haidurojin da ke fitowa daga damshi ko maiƙo tana shiga narkakken ƙarfen, ta maƙale a wurin da ya taurare, tsagar kuma ba za ta fito ba sai bayan sa'o'i, ko kwana ɗaya ko biyu. Kafin nan tirela ta ɗauki kaya ta kama hanya. Don haka ne aka yi sanduna masu ƙarancin haidurojin irin su E7018, waɗanda dole a adana su a bushe. Wadda ta kwana a buɗe cikin damunar Kaduna ta sha damshi, amfanin da aka saye ta dominsa ya tafi.

Fararen ƙarafa

Tun asali Hausawa sun raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, kuma kalmar sinadari da ake amfani da ita yau a ajin kimiyya, a wurin maƙera tana nufin abin da ake liƙa ƙarfe da shi. Amma sunayen gargajiya ba su wadatar da mai walda na yau ba. Kalmar dalma, alal misali, a kan faɗe ta ga ƙarfe mai nauyi na cikin batir, a kuma faɗe ta ga tukunyar alminiyam marar nauyi, alhali ba abin da ya haɗa su sai launi.

Ƙarfe marar tsatsa, wanda aka fi sani da silba, yana tsira daga tsatsa ne saboda kuromiyam da ke cikinsa, wanda bai kamata ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari ba. Nau'in da aka fi yin tankuna da kayan abinci da shi yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. In aka ɗinke shi da sandar ƙarfe mai laushi, kuromiyam ɗin zai tsarma, ɗinkin ya taurare kuma ya yi tsatsa, a wayi gari tanki fes amma layin waldarsa ja wur yana yoyo. Sandarsa ita ce E308, in kuwa za a haɗa shi da ƙarfe mai laushi sai E309, wadda aka ƙara wa kuromiyam da nikel don ta jure tsarmawar.

Alminiyam da magniziyam da gaurayen tutiya kuwa kusan kamarsu ɗaya in sun tsufa. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin santigireti, gaurayen tutiya da ake zuba kafireto da hannun ƙofar mota da shi kuwa bai kai digiri 400 ba yake narkewa. Wanda ya sa masa wutar alminiyam sai ya ga kayan mutane sun zube ƙasa. Magniziyam ya fi muni, domin yana kamawa da wuta fara fat, kuma zuba masa ruwa ƙara rura ta yake yi. Busasshen yashi ake rufe shi da shi. Gangar injin tsohuwar Volkswagen Beetle da gaurayen magniziyam aka yi ta. Haka nan bututun ruwa da kwanon rufi da aka lulluɓe da tutiya: tutiyar tana tafasa a digiri 907, tun ƙarfen bai narke ba, ta tashi farin hayaƙi. Wanda ya shaƙe shi da yawa kan kwana da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki, sau da yawa a ɗauka cizon sauro ne.

Darasi daga wata matata

Kada a ɗauka wannan matsala ta masu rumfa ce kaɗai. A watan Fabrairu na 2005, a matatar mai ta kamfanin BP da ke Texas City a Amurka, an kwance wasu gwiwoyin bututu don gyara. Girmansu ɗaya, kamarsu ɗaya, amma ɗaya ƙarfe ne na yau da kullum, sauran kuwa an gauraya su da kuromiyam da molibdinam don su jure haidurojin mai zafi. Wajen mayarwa aka musanya wurarensu. Gwiwar da ba ta da gaurayen ta yi aiki na wata uku kacal, ranar 28 ga Yuli ta fashe, iskar ta kama da wuta, aka yi asarar da ta kai dala miliyan 30. Hukumar da ta binciki lamarin ta nuna cewa ɗan gwaji da na'urar tantance ƙarfe, ko ma sa wa kowace gwiwa alama kafin a kwance ta, ya isa ya hana gobarar.

Hanyoyin ganewa

Yawancin gwaje-gwajen da mai rumfa ke bukata ba su fi ƙarfin ɗakin kimiyya na makarantar sakandare ba. Mayen ƙarfe yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam ko tagulla, kuma ba ya kama silba mai nikel, ko da yake akwai nau'in silba da yake kamawa, saboda haka shaidarsa ita kaɗai ba ta isa ba. In aka huda ƙarfen zubi sai ya ba da baƙin gari mai ɓata yatsa kamar bakin fensir, ƙarfe mai laushi kuwa ya ba da zare mai nannaɗewa. Ɗigon ruwan binega a kan kankararren magniziyam kan yi kumfa, a kan alminiyam kuwa shiru. Sikeli da kwalbar awon ruwa ma sun isa aiki: guntun da ya ture ruwa santimita kubik 100, in alminiyam ne zai yi giram 270, magniziyam wajen 180, gaurayen tutiya kuwa fiye da 650.

Gwajin tartsatsi shi ne ya fi amfani wajen raba baƙaƙen ƙarafa. In aka ɗora ƙarfe mai laushi a kan dutsen gurza, tartsatsinsa dogaye ne masu haske, rassansu kaɗan. Na sifirin suna fashewa kamar taurari, domin kabon ɗin ne ke ƙonewa a iska. Na ƙarfen zubi gajeru ne, jajaye, marasa haske. Ya fi kyau a ajiye guntayen da aka tabbatar da asalinsu, a riƙa gurza su tare da baƙon ƙarfen ana kwatantawa.

Manyan masana'antu a yau suna amfani da na'urar hannu mai harba hasken eksire, wadda cikin daƙiƙoƙi take nuna yawan kuromiyam da nikel da molibdinam da ke cikin ƙarfe. Amma ƙwayar kabon ta yi mata rashin nauyi, ba ta iya auna ta. Raba ƙarfen sifirin da na ƙofa sai da wata na'urar dabam mai ƙona ɗan ɗigo a jikin ƙarfen ta karanta haskensa, ko kuma a koma ga dutsen gurza.