Baƙin Haure: Abin da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano Ta Gani

Shirin namu na musamman na yau zai yada zango ne a Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, nan daf da Fagge da Sabon Gari, domin mu tattauna maganar baƙin haure.

Magana ce mai lokaci. Da zarar zaɓe ya matso, ko aka kai hari wani ƙauye, ko kwanon masara ya yi tashin gwauron zabi, sai ka ji ta a majalisa da wajen mai shayi. Wani ya ce iyaka a buɗe take, kowa shigowa yake yi. Wani ya ce su ne ke kawo makamai. Wani kuma ya ce an raba musu katin zaɓe. Ba duka ne shaci-faɗi ba. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma bayan ƙofofin da aka sani, irin su Jibiya da Kwangwalam da Maigatari da Illela, akwai ɓarauniyar hanya ba adadi, wadda ɗan acaɓa ya fi jami'i saninta. Tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 bindigogi suka bazu a yankin Sahel. Wanda aka sace masa ɗa a Zamfara ko Katsina, idan ya ce a san mai shiga da mai fita, ba wanda zai ce ya yi rashin hankali.

Amma kafin mu yanke hukunci, bari mu ji ta bakin wannan unguwa, don ta daɗe tana karɓar baƙi.

Tun kafin Turawa su zo, Fagge zango ce a bayan ganuwa. Nan ayarin Azbinawa ke sauke gishirin Bilma da dabino, su ɗaure raƙuma, su sayi hatsi da baƙin yadi su koma arewa. A 1911, zamanin Sarki Abbas, layin dogo ya iso Kano, shekarar da ta biyo baya kuma cinikin gyaɗa ya ɓarke. Jirgin ya zo da mutanen da birni bai saba da su ba: akawuna da direbobi da makanikai daga Legas da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Wajajen 1913 Turawa suka yanka musu Sabon Gari. Har gobe in ka shiga za ka tarar da titin Freetown da titin Gold Coast, in ka gangaro wajen Kantin Kwari kuma ga titin Beirut, inda Kwarori suka kafa kantuna. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka binne cibiyarsa a Kano, amma da su aka tara dalar gyaɗa. Shi kansa Alhassan Ɗantata, wanda ya fi kowa suna a wannan ciniki, a fataucin goro a ƙasar Ghana ya fara tara jarinsa, wato shi ma ya yi zaman baƙunta a ƙasar wasu kafin ya dawo gida.

Daga arewa kuwa, da ƙafa ake shigowa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta ratsa ne ta tsakiyar dangi. Maraɗi ai sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har yau sarautar can ake kiranta Sarkin Katsinan Maraɗi. Lokacin yunwar Ƙaƙalaba, 1913 zuwa 1914, mutanen arewa suka yi ta kwararowa Kano neman abin kaiwa baki. Wasu kuma harajin Faransa da aikin tilas suka gudo wa. Farin 1973 da na 1984 su ma kowanne ya koro nasa.

Jikokin waɗannan matafiya ne kake gani da asuba a bakin rijiyar burtsatse a Fagge ko Burget. Saurayi ne da bai fi shekara ashirin ba, ya jera jarkoki masu ruwan ɗorawa a kura, ya ɗaure su da tsohuwar igiyar roba, ya sa ƙirji ya tura. Silifas ɗinsa ya cinye ta wajen diddige. Su shida ko bakwai ke kwana a shago ɗaya, ko a kan benci a ƙofar gidan da wani ɗan garinsu ke gadi. Abin da ya samu yakan damƙa wa wani dattijo ɗan ƙauyensu ajiya, idan ruwan farko ya sauka ya karɓi abinsa, ya sayi buhun masara da atamfar uwarsa, ya hau mota ya koma shuka. Ci-rani ke nan, kuma ya girmi fasfo. A dokar ECOWAS ta 1979, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana da damar shigowa ba biza ya zauna kwana 90, matuƙar yana riƙe da takardar tafiya. Yaron nan bai taɓa riƙe ta ba, kuma ci-raninsa wata shida ne. A ido na doka, baƙon haure ne. A idon matar gidan da famfonta ya shekara bai ɗiga ba, shi ne mai kawo ruwa.

Sau ɗaya Kano ta ga abin da ake tsoro ido da ido, kuma a nan kusa aka yi. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, mutumin Marwa ne ta ƙasar Kamaru. An taɓa korarsa daga Kano a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya sake dawowa ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki. A watan Disamba na 1980 aka yi kwana goma sha wani abu ana zubar da jini, sai da soja suka shigo. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 4,177 suka mutu. Nan da nan bakin jama'a ya koma kan 'yan Nijar da 'yan Chadi. Lallai akwai su cikin mabiyansa, amma da aka tantance waɗanda aka kama, mafi yawansu 'yan Najeriya ne, gardawa da 'yan ci-rani daga ƙauyukanmu. Abin da ya fi ciwo shi ne, mutumin nan ba ɓoye yake ba. Shekara da shekaru yana ƙwace gidajen maƙwabta, yana tare hanya, hukuma na kallo. Ba a rasa sanin inda yake ba, an rasa mai taɓa shi ne.

Duk da haka, tabon ya zauna a kan baƙi. Da farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, ga zaɓe na tafe, ranar 17 ga Janairun 1983 ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk wanda ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. An ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Cikinsu har da malaman makaranta da magina da teloli. Jakar nan ta leda mai ratsin ja da shuɗi, wadda yau ba gidan da babu ita, wadda amarya ke zuba kayanta a ciki, ɗan kasuwar Kwari ke cusa mata shadda har zif ya ƙi rufuwa, a wannan korar ta samo sunanta na Ghana-mas-go. A cikinta mutane suka tattara abin da suka tara a shekara goma.

Ramuwar gayya ce, in ji wasu, domin a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta yi wa baƙin Ghana irin wannan, ita ma mako biyu ta bayar. Hausawan zango a Kumasi da Accra, waɗanda wasunsu can aka haife su har da iyayensu, suka sayar da gidaje a wulaƙance, suka dawo ƙasar da ba su san kowa ba. To, korar 1969 ba ta gyara tattalin arzikin Ghana ba, ta 1983 ma ba ta gyara namu ba. Kafin shekarar ta ƙare soja sun kifar da gwamnatin. Janar Buhari ya rufe iyakoki a 1984, ya sake wata korar a 1985, kuma rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. Da aka buɗe a 1986, masu kura suka dawo bakin aikinsu.

Akwai wata tambaya da ba a cika son yi ba: in an ce a kamo baƙo, da me za a gane shi? Bakatsinen Jibiya da mutumin Maraɗi Hausarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, wataƙila kakarsu ma ɗaya. Dubban 'yan ƙasa na haƙiƙa a karkara ba su da takardar haihuwa. Idan aka fito kame, talakan da ya fi kama da baƙo shi ake jefawa a mota, mai kuɗin da ya shigo jiya kuwa ya riga ya sayi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kuma wuƙar tana iya komawa kan kowa. A watan Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai yankan farce?

Wannan tasha ma shaida ce. Gudun da ya fi kowanne muni da ta taɓa gani shi ne na 1966, lokacin da mutanen Sabon Gari, akasarinsu Ibo, suka cika taragu suna neman tsira da rai. Babu baƙon haure ko ɗaya cikin lissafin. 'Yan ƙasa ne aka wayi gari ana yi musu kallon baƙi.

Sai kuma namu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Wane ne a Kano bai san 'yan Kano-Jidda ba, ko takari, masu tafiya Umara su maƙale, su shekara suna wasan ɓuya da askar, wato jami'an tsaron can, har ranar da za a taso ƙeyarsu a sauke su a filin jirgin Malam Aminu Kano? A wannan filin ne kuma ake sauke matasanmu da aka kwaso daga hanyar Libiya. Kano zango ce a kan wannan hanya: daga nan sai Damagaram ko Maraɗi, sai Agadas, sai hamada. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, motarsu ta lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, Tarayyar Turai na mara mata baya. Direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka koma wadda ba kowa, kuɗin tafiya ya ƙaru, haɗarin ma ya ƙaru. Gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023.

A ganina, jama'a, damuwar mutane gaskiya ce, maganin da aka saba bayarwa ne ba ya ci. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai a 2023, kuma duk lokacin wanda ya ci riba shi ne ɗan sumoga da mai tsayawa a shinge. Abin da ba a gwada da gaske ba shi ne a sauƙaƙa rajista. Kano tana da tsohon tsari: baƙo ba ya kwana sai mai unguwa ya san mai masaukinsa, kuma kowane rukunin baƙi yana da shugabansa da za a tuntuɓa in wani abu ya faru. Da yankar kati abu ne mai araha, wanda za a yi a bakin iyaka cikin sa'a guda, mai kura ba shi da dalilin bin daji. Wanda ya ƙi ƙofa bayan an buɗe masa ita, shi ne jami'in shige da fice zai zuba wa ido.

Kuma lokaci yana ƙurewa. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su yi zirga-zirga kamar da har sai an sake shawara, wato zaman dubban mutane a Kano yanzu a kan sanarwa ya rataya. A gefe guda kuma, tun watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Masu suka sun ce hanya ce za a shimfiɗa wa baƙi. Amma mai shiga jirgi sai ya yanki tikiti, sai ya bi layi, sai ya tsaya gaban tebur a tashar iyaka ya faɗi sunansa da inda za shi. Takardar da za a tambaye shi a wannan tebur, da kuɗin da za ta ci, da wanda zai bayar da ita, su ne abin da Abuja da Yamai ya kamata su zauna a kai tun kafin a gama shimfiɗa ƙarfen.