Jar Gansakukar Teku: Mazauninta da Rayuwarta

Gabatarwa

Bahaushe ya san gansakuka koriya shar a kududdufi da bakin rijiya. To amma a teku akwai dangoginta jajaye. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wadda masana ke kira Porphyra umbilicalis, domin nuna yadda tsiro guda ya daɗe yana amsa suna biyu.

Mazauni da Siffa

Ana samun wannan gansakuka manne da duwatsun gaɓar arewacin tekun Atlantika, inda ruwa ke da sanyi. Idan teku ta ciko sai ta rufe ta, idan ta janye sai ta bar ta ga rana da iska. Takan bushe ƙayau kamar takarda, amma da zarar ruwa ya dawo sai ta farfaɗo. Ba ta da saiwa, ba ta fure, kuma kaurin ganyenta ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Jan launinta kuwa daga wani sinadari yake, wanda ke kama koren haske domin haɗa abinci. Mutanen Wales, a Birtaniya, sukan dafa ta su ci.

Matakan Rayuwa

A Japan an yi ƙarnoni ana noman 'yar'uwarta mai suna nori, ta hanyar kafa sanduna a ruwan gaɓa, ba tare da an san inda irin yake fitowa ba, domin ganyen yakan ɓace a lokacin zafi. Saboda haka amfanin ya zama na sa'a, masu noman suna shan asara.

A shekarar 1949, Kathleen Drew-Baker ta Jami'ar Manchester ta bayyana cewa ƙwayoyin irin da ganyen Porphyra ke saki ba ganye suke zama ba. Sukan huda ƙumba, wato ɓawon wasu halittun ruwa, su yaɗu ciki kamar jajayen zaruruwa. Tun 1892 aka laƙaba wa zaruruwan nan suna Conchocelis rosea, bisa zaton tsiro ne daban. Ashe mataki ne na rayuwar gansakukar, kuma daga gare shi irin sabon ganye ke fitowa.

Kammalawa

Da masanan Japan suka fara renon zaruruwan a cikin ƙumba, sai iri ya samu a hannu, noman nori ya tabbata. Shi ya sa har yau ake tunawa da wannan masaniya a garin Uto kowace ranar 14 ga Afrilu. Ke nan suna kan bi siffar da ido ya gani, alhali tsiro ɗaya na iya ɗaukar siffa fiye da ɗaya.